LAFIYA UWAR JIKI: Mai ciwon sukari, a duba wuya

Ciwon sukari ba baƙo ba ne a ƙasar Madarunfa. Daga Ɗan Isa zuwa Gabi, daga Safo zuwa Jiratawa, an san alamunsa: ƙishirwa, yawan fitsari, rama. Amma akwai wani ciwo da kan laɓe a bayansa. Likitoci suna ce masa raunin tiroyid.

Tiroyid wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Ita ce ke kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta zuba wani sinadari cikin jini, wanda ke hura wutar jiki. In sinadarin ya yi kaɗan, sai komi ya yi nawa. Mutum ya kwana ya tashi da gajiya. Ya ji sanyi, mutane kuwa suna neman inuwa. Ciki ya ɗaure, fata ta bushe, gashi ya zube, murya ta dushe. Jiki ya yi nauyi, ba a ƙara cimaka ba. Ciwon ya fi kama mata, yana rikita al'ada, yana jawo ɓari. Tsokar kuma tana iya rauni, wuya bai kumbura ba.

Ga inda matsalar take. Mai sukari in ya ce ya gaji, kowa sai ya ce ai sukarin ne. Mace tana shan maganinta, an auna sukari an tarar daidai, amma ta kasa daka, ta kasa jan guga. Mutanen gida su ce ƙyuya ce. Ba ƙyuya ba ce. Irin wannan mace awon wuya take bukata.

Abu biyu suka fi kawo raunin. Na farko, ƙarancin iyod cikin cimaka. Da iyod tsokar ke yin sinadarinta, ƙasashen da ke nesa da teku kuwa sun fi rashinsa. Shi ya sa tun shekarun 1990 Nijar da Najeriya suka kafa dokar zuba iyod cikin gishirin miya. Kantun Bilma ba a zuba masa, a bar wa bisashe. Na biyu, garkuwar jiki ce ke juyawa ta ci tsokar. Wani likitan Japan, Hashimoto, shi ya bayyana wannan a 1912. Wannan irin ya fi bin masu sukarin da ke kama yara da matasa, wato masu allurar insulin tun farko.

Tsagar yatsa ta awon sukari ba ta nuna shi. Akwai awon jini dabam, sunansa TSH. Likitan ƙauye shi ke ba da takardar zuwa babban asibiti, a Madarunfa ko Maraɗi.

Maganin 'yar ƙwaya ce, lebotiroksin. Sau ɗaya ake sha a rana, da asuba, ciki wayam, da ruwa zalla. A jira minti 30 zuwa awa 1 kafin a karya kumallo. Makiyaya su lura da nan ƙwarai: fura da nono, madara da kofi suna hana hanji tsotse maganin. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki ma haka, a raba su da awa 4. Yawancin masu shansa har iyakar rai ne. Gishiri mai iyod rigakafi ne, ba ya maye gurbin ƙwayar.

Ciwon biyu suna jan juna. In tiroyid ta yi rauni, insulin yakan daɗe cikin jini, sukari ya faɗi ba zato. Manomi yana tsakar noma sai zufa, makyarkyata, jiri da yunwa. Nan take ya tauna sukari ƙwaya 3 ko dabino, ya zauna a inuwa. Kada ya tafi gona ko kiwo aljihu ba komi.

In kuma aka fara lebotiroksin, jiki ya farka, sukari yana iya hawa. Wasu sai su ce sabon maganin ne bai karɓe su ba, su aje shi. Kuskure ne babba. Likita ake koma wa, ya gyara awon maganin sukarin. Don haka makonnin farko a yawaita awon sukari. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake awon TSH. In ya daidaita, sau ɗaya a shekara yakan isa. Tsofaffi da masu ciwon zuciya da kaɗan ake fara musu. Wanda ya ji bugun zuciya da rashin barci ya koma asibiti, ƙila awon ya yi masa yawa.

Mace in ta samu ciki kada ta daina sha. Ta gaya wa likita da wuri, don galibi ƙara mata ake yi, saboda ƙwaƙwalwar jariri. Mai niyyar azumi ya shawarci likita tun cikin Sha'aban. In an yarda masa, ya sha ƙwayar minti 30 kafin sahur.

A sayi magani a farmasi, ba a tiren 'yan talla da rana ta gasa ba. A gida a aje shi cikin takardarsa, nesa da murhu. Ranar zuwa asibiti a tafi da magungunan duka biyu a hannu, likita ya gan su tare.