Gurbin Bayit Huɗu da Famfon da ke Kebbe

Mitar wuta mai kati, na'urar POS ta bakin kasuwar Tambuwal, da akwatin da ke sarrafa famfon burtsatse mai aiki da hasken rana a ƙauyukan Kebbe, duk suna da abu guda a ciki: ƙaramar kwamfuta da ba ta wuce girman farce ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna bin ƙirar kamfanin Arm na birnin Kambirij a Ingila. Wata ƙa'ida ta yadda ake jera bayanai a ƙwaƙwalwarsu na iya zama abin da zai raba na'urar da ke shekara goma tana aiki da wadda ke tsayawa ba gaira ba dalili.

Ƙwaƙwalwar na'ura jerin gurabe ce, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya, kuma yana da lambarsa. Masarrafi mai bit 32 yana ɗibar bayit huɗu a hannu guda, daga lambar da huɗu ke rabawa: 0, 4, 8, 12. Idan aka ajiye adadi mai bayit huɗu daga gurbi na 6, rabinsa yana ɗiba ɗaya, rabi yana wata, kamar buhun da aka gitta a kan iyakar rumfuna biyu. Cortex-M3 da Cortex-M4 kan jure wannan a yawancin umarni, su yi aiki biyu maimakon ɗaya. Cortex-M0, wanda ya fito a 2009 kuma araharsa ta sa ya yaɗu, ba ya jurewa: nan take yake faɗawa kuskuren da ake kira HardFault, aikin ya tsaya. Shi ya sa shirin da ya yi lafiya a allon gwaji kan iya gazawa ranar da aka koma masarrafi mai rahusa.

Akwai matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Cortex-M7 na 2014 yana iya zuwa da taskar kusa, wadda ke riƙe kwafin bayanai a layuka masu bayit 32. Sashen DMA kuwa yana zuba bayanai kai tsaye cikin zangon da aka ware masa a ƙwaƙwalwa, ba tare da sanin taskar ba. Idan zangon bai fara daga kan iyakar 32 ba, sai ya haɗa layi da wani bayani na daban, kuma sabunta layin kan iya mayar da tsohon adadi bisa sabo. Na'urar ba za ta tsaya ba. Za ta ci gaba da aiki da lissafin ƙarya, jefi-jefi, ta yadda gwajin mako guda ba lallai ya kama shi ba.

Maganin ba shi da tsada. Tun 2011 harshen C ya samu kalmar _Alignas, wadda ke ba mai rubuta shiri ikon faɗin iyakar da zango zai fara. Sai kuma a cika girmansa ya zama ninkin 32. Masu jayayya kan ce ƙwaƙwalwa a irin waɗannan na'urori ƙalilan ce, kuma akwai agogon tsaro da ke sake tayar da na'ura idan ta sanƙare. Amma asarar ba ta wuce bayit 31 a kowane gefen zango ba, agogon tsaro kuwa ba ya ganin adadin da ya gurɓata.

Nisa ne ke ƙara wa batun nauyi. A Legas, na'urar da ta rikice tana kusa da wanda ya haɗa ta. A Kebbe, mai gyara zai auna batir da waya ya same su lafiya, domin cutar tana cikin shirin da ba shi da hanyar buɗewa, yayin da mutane suka koma rijiya.

Saboda haka ya dace sassan kimiyyar kwamfuta da injiniyanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ba harshen C da tsarin ƙwaƙwalwa muhimmanci daidai da manhajojin waya. Hukumomin da ke sayen na'urori kuma su sanya a kwangila cewa an gwada shirin a kan ainihin masarrafin da za a kawo, na tsawon lokaci, kuma akwai hanyar sabunta shi a inda aka girke shi.