Kalmar "knar" da Masu Cewa a Binne Ta

Wata magana ta yaɗu a bakin 'yan bokonmu na zango, wai duk kalmar da ba a jin ta a kasuwa ko a rediyo matacciya ce, neman saninta kuwa ɓata lokaci ne. Mu ba mu yarda ba. Bari mu ɗauko wadda za su fi yi wa dariya, wato "knar" ta Ingilishi, wadda ake furtawa "nar", domin Turawan Ingila sun daina furta harafin k na farkon irin waɗannan kalmomi tun wajen ƙarni na 17.

Ma'anarta ƙullutun nan mai tauri da ke jikin itace. Yadda yake samuwa shi ne, reshe ya tsiro, gangar bishiya ta yi ta kauri shekara bayan shekara har ta haɗiye gindinsa, jijiyoyin itacen su karkace su kewaye shi. In reshen na da rai sa'ad da aka haɗiye shi, ƙullutun ya manne daram. In ya riga ya bushe, sai ya faɗo bayan an yanka katako, ya bar rami. Kowane masassaƙi ya san wurin, domin nan gizago ke dakushewa, nan kuma turmi ke fara tsagewa.

Za su ce ai akwai "knot", kowa ya san ta. To, ita "knot" jakar magori ce: ƙullin igiya ita ce, ma'aunin gudun jirgin ruwa ita ce, har ɗaurin aure ana kiran sa da ita. Yaron da ita kaɗai ya sani, in aka ba shi fassara, sai ya rubuta mana cewa an ɗaure ƙulli a cikin katako. "Knar" ba ta da wannan ruɗani.

Kuma wa ya ce ta mutu? Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, da tsohuwar sigarta ya siffanta wani ƙaƙƙarfan mai niƙa a labaransa na Canterbury, mutum dunƙulalle kamar kututture. Daga danginta aka sami "gnarled", wadda Shakespeare ya siffanta wata bishiya mai wuyar faskarawa da ita, yau kuma ake faɗa wa hannun tsoho da aiki ya murɗe. 'Yar'uwarta "knur" ita ce ƙaramar ƙwallo mai tauri da mutanen Yorkshire ke bugawa a wani tsohon wasansu. Har ƙyas-ƙyas ɗin da ake yi wa mariƙin ƙarfe don kada ya zame daga hannu, "knurling" ake ce masa. Uwar da ta bar zuriya haka, ai ba a yi mata jana'iza da garaje.

Abin da ke ba mu mamaki, iyayen waɗannan samari sun durƙusa a zaure shekaru suna bin Maƙamatul Hariri, littafin da ke maƙare da baƙin kalmomin Larabci, ba wanda ya kira su sakarkaru. Su kuwa 'ya'yan, Ingilishin da suke taƙama da shi bai wuce na cike takardar neman aiki ba, Hausar kuma ta fara zubewa. A gwada tambayarsu bambancin gungume da kututture da faskare, a ga mutum nawa za su amsa ba tare da sun koma gida wajen kakarsu ba.