An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Batun Zaƙin Masara

Duk macen da ta iya kunun zaƙi ta san amfanin tsiron shinkafa ko ɗanyen dankali. Ta kan niƙa shi ta zuba a gasarar da ta dama, ta rufe ta bar shi ya kwana, gari na wayewa kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Abin da ya yi wannan aiki shi masana kimiyya ke kira enzayim, watau wani sinadari da halitta ke fitarwa, wanda ke daddatsa sitaci ya mai da shi sukari.

A kan wannan hanya masana'antun Amurka ke samun sukarin da ake kira gulukos daga masara. Sai dai gulukos bai kai sukarin rake zaƙi ba. A shekarar 1957 Richard Marshall da Earl Kooi suka nuna cewa wani enzayim na ƙwayoyin bakteriya yana juya gulukos ya koma furuktos, sukarin da ya fi yawa a zuma, wanda kuma ya fi su duka zaƙi. Ba a ƙara masa kome, ba a rage kome. Fasalin ginin ƙwayar kawai ake sākewa. Yoshiyuki Takasaki na Japan ya kyautata dabarar har ta isa shiga masana'anta, kuma a 1984 kamfanonin Coca-Cola da Pepsi suka rungumi wannan ruwan zaƙi a lemunansu na Amurka.

Tun daga nan ake ɗora masa laifin ƙiba da ciwon sukari, har wasu na cewa guba ce da aka ƙirƙira. Wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba. Furuktos da ke cikin irin wanda ake sa wa lemo kashi 55 ne cikin ɗari. Shi kuwa sukarin rake, da zarar ya isa hanji wani enzayim na jikin mutum ke raba shi biyu, rabi gulukos, rabi furuktos. Ina babban bambancin? Wanda ya yawaita shan kowannensu ya ɗauko wa kansa cuta iri ɗaya.

Inda ya kamata a duba shi ne farashi. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana tallafa wa manoman masara, sa'an nan a 1982 ta ƙayyade yawan sukarin da za a shigo da shi daga waje. Sukarin rake ya yi tsada a can, na masara ya yi araha, kwalaben lemo suka yi ta girma. Ƙasashe masu noman rake, kamar Filifin da Jamhuriyar Dominika, suka ga kasuwarsu ta tsuke, masu saran rake a tsibirin Negros suka faɗa cikin yunwa a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da farashin sukari ya faɗi warwas a duniya. Ba a ɗakin gwaji aka yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari ba. A majalisa da ofisoshin gwamnati aka yanke su.