A tsayar da fim, a miƙa wa yaro alƙalami

A Gidigir, kamar sauran garuruwan da ke bakin hanyar Damagaram zuwa Gure, da wuya ka sami yaron da bai san Ali Nuhu ba. Da dare yara kan yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon Labarina ko Daɗin Kowa, gari na wayewa su zayyana maka labarin tiryan-tiryan. Amma ka miƙa wa ɗayansu takarda ya rubuta layi goma daga kansa, sai ya tsaya yana tauna biro. Iyaye da malamai da yawa fim suke ɗora wa laifi. Ni kuwa a ganina, da fim ɗin za a yi maganin matsalar.

Yaro ba ya rubutu mai rai sai abu ya taɓa masa zuciya. Idan aka ce ya rubuta insha'i a kan amfanin bishiya, abin da ya haddace zai juye. Idan kuwa ya kalli uwar da aka raba da ɗanta har idonsa ya cika, to ya sami abin faɗa.

Aikin ba shi da wuya. Malam ya zaɓi yanki na minti 5 zuwa 10, ya nuna ko da a waya ne, rukuni-rukuni. Daidai inda hankali ya tashi, ya tsayar, ya yi tambaya: me matar nan za ta yi gobe da safe? Wace wasiƙa za ta rubuta wa mahaifiyarta? Da a kasuwar Gidigir abin ya faru, me jama'a za su ce? Kada a ce su taƙaita abin da suka gani, wannan kwafa ce. Abin da kyamara ba ta nuna ba shi za su rubuta. A bar su su fara da harshen da suke tunani da shi, Hausa ko Barbarci, sannan a juya zuwa Faransanci. Wanda ya saba gina labari da harshen gida, rubutun jarrabawar BEPC ba zai razana shi ba.

Abin nunawa ma akwai na gida. Aisha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da fim a 2016 a kan baƙin cikin matan da ba su sami haihuwa ba, a 2021 kuma ta fitar da Zinder, a kan matasan unguwar Kara-Kara. Wannan na biyun akwai tashin hankali a ciki, sai manyan ɗalibai. Ga kuma Sarauniya, fim ɗin Med Hondo na 1986 da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Daga littafin Abdullahi Mamani na 1980 aka ɗauko shi, shi kuwa Mamani a Gudumariya aka haife shi, nan gabas da Gure. Ya kamata yara su ji wannan, su san alƙalami ne ya riga kyamara.

Iyayen da ke tsoron lalacewar tarbiyya suna da hujja, don ba kowane fim ne ya dace da yaro ba. Sai dai hanawa ba ta hana kallo, ɓoyewa kawai take koyarwa. Gara babba ya zaɓa, ya fara kalla shi kaɗai, sannan ya zauna tare da su. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa: ta sa yaro ya canja wa fim ƙarshe da baki, yayansa ya rubuta. Haka kakanninmu suka yi da tatsuniya.

Rairayin da ke cinye kwarurrukan ƙasar Gure, da samarin da ke tafiya ci-rani Libiya, duk labarai ne da ke jiran marubuci. Idan yaranmu ba su koyi rubuta su ba, baƙo ne zai zo ya rubuta yadda ya ga dama. Malam, ko sau ɗaya a mako, a gwada.