Tumbin bai ragu ba, shi ya sa ka daina fita?

Ka san yadda abin yake. Bayan sallah ka ɗauki alwashi, ka sayi kambas, ka ɗora hoto a WhatsApp, ka fara sassarfa da asuba a Tudun Wada. Sati uku ka hau sikeli a kemis, lamba ko gezau. Shi ke nan, kambas ya koma ƙarƙashin gado, kai kuma ka koma TikTok kana tambayar kuɗin shayin rage tumbi.

Ni dai ina ganin ka yi saurin yanke hukunci.

Kitsen jikinka nama ne mai rai, yana da ƙananan jijiyoyin jini da ke kai masa iskar oksijin. Idan ƙiba ta yi yawa, ƙwayoyin kitse sukan girma su fi ƙarfin jijiyoyin da ke ciyar da su, iska ta yi musu ƙaranci, kumburi ya fara daga ciki. Wannan na cikin hanyoyin da ke kai mutum ga ciwon suga. Akwai ƙwayar gado da ake kira VEGF, aikinta ba da umarnin tsirar sabbin jijiyoyi, kuma motsa jiki yana tashinta.

To wane irin motsi, mai sa haki ko mai sauƙi? A wani bincike da aka wallafa a 2022, masu bincike na Jami'ar Michigan a Amurka sun raba masu ƙiba gida biyu na sati 12. Wasu suna motsi matsakaici na minti 45, wasu mai tsanani na minti ɗaya-ɗaya sau goma da hutu a tsakani. Da gangan aka hana nauyinsu sauka. Duk da haka jijiyoyin jini sun ƙaru a kitsen cikin ɓangarorin biyu. Wato aiki yana tafiya a inda sikeli ba ya gani, kuma ba sai ka kusa suma ba.

Wannan ya yi mana daidai a nan. Wa zai ce wa ɗan Tsafe ya bi hanyar daji da gudu kafin gari ya waye, a halin tsaron da muke ciki? Dutsen Kwatarkwashi ya yi kyau a hoto, amma ba zan tura ɗan Bungudu hawansa shi kaɗai ba. Ke kuma 'yar'uwa, na san idon unguwa kaɗai ya isa ya hana ki gudu a titi. Tsallen igiya a tsakar gida yana cikin lissafi, haka tafiya da sauri zuwa islamiyya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a sati, ko 75 na mai tsanani. Rabin awa ke nan, kwana biyar. Daga Tudun Wada zuwa kasuwa, gobe ka bar mai Keke Napep ya wuce. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, fara ganin likita kafin ka gwada mai tsananin.