Lissafin Aljihu: Ragin Bai-ɗaya ko na Dalla-dalla?

Yau za mu leƙa Amurka, inda kowace shekara, zuwa ranar 15 ga Afrilu, ma'aikaci ke cike fom mai lamba 1040 ya bayyana wa hukumar haraji ta IRS abin da ya samu a bara.

Ba a kan dukan kuɗin ake yanka masa haraji ba. Sai an cire wani kaso tukuna, kuma hanyar cirewar biyu ce, ɗaya zai zaɓa. Ta farko ita ce ragin bai-ɗaya, wato adadin da gwamnati ta tsayar, ba a neman wata shaida. A 2024, dala 14,600 ne ga marar aure. Ta biyu ita ce ragin dalla-dalla: mutum ya jera abubuwan da ya kashe wa kuɗi waɗanda doka ta amince da su, kamar kuɗin ruwan bashin gida, harajin jiha, kyauta ga ƙungiyoyin agaji, da abin da ya haura kashi 7.5 cikin 100 na samunsa a kuɗin asibiti.

To, ku ɗauko biro. A ce wata malama marar aure ta samu dala 50,000 a 2024. Ta biya 8,000 kuɗin ruwa, 5,000 harajin jiha, ta ba da kyautar 3,000. Jimla 16,000 ke nan, ya zarce 14,600 da 1,400, don haka dalla-dalla ya fi mata. Sai dai ku lura, ba 1,400 ɗin za a miƙo mata ba. Harajin da zai hau kansa ne ta tsira daga biya, kuma a matakinta kashi 12 ne, wato dala 168. Da kuwa ba ta ba da kyautar nan ba, jimlarta 13,000 ce, sai ta karɓi ragin bai-ɗaya ta huta. Shi ya sa yawancin Amurkawa shi suke zaɓa. Wanda ya bi dalla-dalla kuma babu rasit, ranar bincike za a iya soke ragin, ya biya cikon haraji har da ƙari.

Mu ma abin ya iso gida. A sabuwar dokar harajin Nijeriya da ta fara aiki a Janairun 2026, ɗan haya zai iya neman a cire masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Rasit ne shaidarsa.

Saboda haka, tun ran gini tun ran zane. Ku samu ambulan ɗaya a gida, ku riƙa taya iyayenmu adana rasit ɗin haya. Ga aikin gida kuma: idan Baba na biyan hayar naira 600,000 a shekara, nawa za a cire masa? Sai mako mai zuwa.