Idan Baba ya dawo daga asibiti, kada ka karɓe masa wayarsa

A gidaje da yawa, ranar da aka sallamo mai ciwon shanyewar ɓarin jiki daga asibiti ita ce ranar da wayarsa ke komawa aljihun ɗansa ko 'yarsa. Su ne masu amsa kira, su ne masu tuna lokacin magani, su ne masu gaya wa dangi yadda ya kwana. Tausayi ne ya kawo haka, amma a ganina cutarwa ce. Mu da muka san kan waya, aikinmu shi ne mu saita ta yadda Baba ko Inna za su iya sarrafa ta da kansu.

Wannan ciwo yana faruwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Wani yakan rasa ƙarfin hannu da ƙafa, wani maganarsa ta sarƙe. Amma ƙwaƙwalwa tana iya sake koyon wasu abubuwan da ta rasa, kuma maimaici ne ke koya mata. Mutumin da aka hana shi yin komai an hana shi wannan maimaicin ke nan. A ƙasar New Zealand an gwada wani tsari mai suna Take Charge, inda ake zama da majinyaci ya zaɓi burinsa da kansa, ya tsara yadda zai kai gare shi. Bayan shekara guda, waɗanda suka bi tsarin sun fi sauran jin daɗin rayuwa da dogaro da kai.

Saitin da ake buƙata ba ya cin ko sisi. Shiga sashen Accessibility ka ƙara girman rubutu, ka tsawaita lokacin da wayar ke jira kafin ta ɗauki dogon dannawa, saboda yatsa mai rawa. Daga Android 12 akwai yanayin hannu ɗaya da ke sauko da saman allo ƙasa, a iPhone kuma sunansa Reachability. Allon rubutu na Gboard yana matsawa dama ko hagu, zuwa ɓangaren hannu mai lafiya, kuma tun 2024 yana karɓar rubutu da murya a Hausa. Idan karatu ya yi masa wuya, sanya hotunan mutanen da ya fi kira a fuskar wayar, ka maƙala hirarsu a saman WhatsApp. Ƙararrawar magani kuwa ku saita ta tare, ya zama shi ne mai kashe ta bayan ya sha.

Sai batun hawan jini. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a yankinmu, kuma wanda ya taɓa yi yana cikin haɗarin sake yi. A Kumasi an yi wani gwaji mai suna PINGS da majinyata 60, inda aka ba wasu na'urar awon jini da ke tura sakamako ta waya ga ma'aikatan jinya. Ba sai kana da irin wannan kayan ba. Na'urar awo mai ɗaurawa a damtse ta wadatar. Ya auna da kansa, ya ɗauki hoton lambar, ranar ganin likita ya nuna. Idan tana yawan kai 140/90 ko fiye, a sanar da likita, kada a ƙara ko a rage magani a gida.

A nan ne masu son na'urori ke faɗawa tarko. Manhajar da ta ce ka ɗora yatsa a kyamara ta auna maka hawan jini, ko agogon hannu mai arha da ke nuna lamba mai kyau kullum, ba abin dogaro ba ne. Haka masu tallan maganin "warkewa cikin kwana bakwai" a TikTok da Facebook. Waya ba likita ba ce, ba kuma mai gashin ƙashi ba ce. Abin da za ta iya shi ne ta ajiye bidiyon motsa jikin da mai gashin ya koyar, in ya yarda a ɗauka, majinyaci ya riƙa kallo yana bi ko babu data.

Wani zai ce tsoho mai hannu ɗaya zai tura kuɗi inda ba a nufa ba, ko 'yan damfara su same shi. Wannan fargaba tana kan hanya. Maganinta shi ne a kulle manhajar banki da zanen yatsa, a rage adadin da za a iya turawa a rana, da saninsa da yardarsa. Ba a rufe kasuwa don tsoron ɓarawo.

Mu masu gina manhajoji ma da namu aikin. Google ya ba da shawarar kada maɓalli ya gaza 48dp, amma sau nawa muke cusa ƙanana a kusurwar sama, mu sa lambar sirri ta mutu cikin daƙiƙa 30? Kafin ka saki manhajarka, gwada ta da hannun da ba ka saba da shi ba, ɗayan yana aljihu.

Abu na ƙarshe, koya wa kowa a gida alamomin dawowar ciwon: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta rikice. Duba agogon waya ka riƙe lokacin da abin ya fara, ku tafi asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini yana da wa'adin kusan awa huɗu da rabi. Kafin wannan rana, wadda muke roƙon Allah kada ta zo, miƙa wa Baba wayarsa ka zauna kusa da shi. Idan ya yi minti biyar yana neman lambar ƙaninsa, yi haƙuri ka bar shi ya samo.